Yadda Jami'o'in Baƙaƙen Fata na Amurka Ke Raba Gari da Taba

A ƙarshen watan Agusta na shekarar 1619 wani jirgin ruwa ya tsaya a wani wuri da ake kira Point Comfort, a gaɓar tekun Birjiniya, ɗauke da 'yan Afirka ashirin da 'yan kai waɗanda aka kamo daga yankin Angola. Turawan Ingila da suka kafa zango a can suka karɓe su, suka biya da kayan abinci. Shekara bakwai kafin wannan rana wani Bature mai suna John Rolfe ya fara gwada shuka taba a garin Jamestown, ta kuwa karɓi ƙasar, har ta zama ita ce dukiyar zangon baki ɗaya. Amma taba shuka ce mai cin hannu. Sai an yi mata reno tun tana iri, a dasa, a yi ta cire mata tsutsa, a karye mata kai, a yanke, a shanya, a tsince ganye ɗaya ɗaya. Cikin shekarun da suka biyo baya, hannuwan da suka yi wannan aiki a Birjiniya da Maryland da Karolina ta Arewa galibinsu na bayi ne.

Mil kaɗan daga inda jirgin nan ya tsaya akwai Jami'ar Hampton, wadda aka kafa a 1868 domin ilmantar da bayin da aka 'yanta bayan yaƙin basasar Amurka. Tana ɗaya daga cikin makarantu wajen 100 da dokar ilmi mai zurfi ta 1965 ta keɓe da suna na musamman, watau kwalejoji da jami'o'in da aka kafa kafin 1964 da nufin koyar da baƙaƙen fata, a zamanin da ƙofofin sauran jami'o'i ke rufe gare su. Wadda ta fi tsufa a cikinsu ita ce Cheyney ta jihar Pensilbaniya, wadda asalinta ya koma 1837. Akwai Howard a birnin Washinton, da Fisk da Meharry a Nashville, da Morehouse da Spelman a Atlanta, da Tuskegee a Alabama. Mutanen Afirka ta Yamma ba baƙi ba ne a waɗannan wurare, domin a Jami'ar Lincoln ne Nnamdi Azikiwe da Kwame Nkrumah suka yi karatu, a Morehouse kuwa Martin Luther King ya sami digirinsa na farko a 1948.

Tun daga wajen 2010 waɗannan makarantu suka shiga wani yunƙuri na hana taba a harabarsu gaba ɗaya. A ido, ƙaramin al'amari ne: a kafa allo a bakin ƙofa, a kwashe tasoshin toka daga gindin bishiyoyi, a rubuta doka a littafin ɗalibai. Jami'o'in Turawa da yawa sun yi haka ba tare da wani dogon labari ba. Abin da ya bambanta na baƙaƙen fata shi ne, taba ba ta shigo musu daga waje ba. Kakannin ɗalibansu ne suka noma ta, iyayensu suka yi aiki a masana'antunta, kuɗinta ya gina wasu daga cikin ɗakunan karatunsu, sa'an nan kamfanoninta suka juyo suka mai da jikokin nan kasuwa.

Duk wanda ya dubi taswirar kudancin Amurka zai ga haka. A Winston-Salem, inda R. J. Reynolds ya kafa kamfaninsa a 1875, akwai jami'ar baƙaƙen fata. A Durham, garin iyalin Duke waɗanda suka mallaki kusan dukkan cinikin sigari na Amurka a ƙarshen ƙarni na 19, akwai wata. A Richmond, cibiyar Philip Morris, akwai Virginia Union. A Greensboro, inda Lorillard mai sigarin Newport ta yi zama, akwai biyu, North Carolina A&T da kwalejin mata ta Bennett. A masana'antun waɗannan garuruwa, aikin da ya fi ƙura da zafi da ƙarancin lada, watau cire jijiyar ganyen taba, shi aka bar wa baƙaƙen fata, musamman mata. Su ne suka ajiye aiki a masana'antar Reynolds a watan Yuni na 1943, yajin aikin da ya haifar da ƙungiyar ƙwadago mai ƙarfi a garin. Da ɗan abin da suke samu a wannan aiki ne da yawa daga cikinsu suka biya wa 'ya'yansu kuɗin makaranta.

Su ma masu kamfanonin sun buɗe hannu. Lokacin da James Duke ya kafa gidauniyarsa a 1924, ya sa Jami'ar Johnson C. Smith ta birnin Charlotte cikin makarantu huɗu da za su riƙa samun kaso daga ribarta. Daga baya kamfanonin taba suka zama masu ba da gudummawa ga asusun haɗin gwiwa na kwalejojin baƙaƙen fata, wanda shugaban Tuskegee, Frederick Patterson, ya kafa a 1944, da kuma ga ƙungiyoyin neman 'yanci da jaridun baƙaƙen fata. Bai kamata a raina wannan kuɗi ba. A zamanin da manyan kamfanoni da dama ba sa ɗaukar baƙar fata aikin ofis, ba sa kuma sa talla a jaridunsa, kamfanonin taba sun yi duka biyun. Sai dai Hausawa na cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Askin a nan shi ne shiru. Shekaru da yawa bayan likitoci sun gama tabbatar da illar taba, mujallu da shugabannin da suka fi kowa ɗaga murya kan wariyar launin fata ba su ce uffan a kanta ba.

Labarin mantol

Ba a fahimtar wannan yaƙi sai an san labarin mantol, sinadarin nan mai sanyi da ake samu daga ganyen na'ana'a, wanda kowa ya san ƙamshinsa a man shafawa na mura. Mantol ba ya rage zafin hayaƙi ko dafinsa. Abin da yake yi shi ne ya taɓa jijiyoyin da ke sanar da jiki sanyi, sai maƙogwaro ya ji kamar iska mai daɗi ke wucewa, tari da ƙaiƙayin da kan kori sabon mashayi su kwanta. Ta haka yaro kan jure karansa na farko da na biyu har jiki ya saba da nikotin. Binciken hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ya nuna cewa mai shan sigari mai mantol ya fi saurin kamuwa, ya kuma fi shan wuya wajen dainawa.

An fara sayar da irin wannan sigari a shekarun 1920. Kool ta fito a 1933, Salem a 1956, Newport a 1957. A farkon shekarun 1950 kimanin kashi 5 cikin ɗari ne kawai na baƙaƙen fata masu shan taba ke shan mai mantol. A 1968 suka kai kashi 14, a 1976 kashi 44. A ƙididdigar 2020 sun kai kashi 81, alhali a tsakanin Turawa masu shan taba kashi 34 ne. Babu wani abu a halittar baƙar fata da ya sa shi son mantol. Aikin talla ne na shekara da shekaru, kuma takardun cikin gida na kamfanonin, waɗanda shari'o'in shekarun 1990 suka tilasta aka fito da su, sun nuna yadda aka tsara shi daki-daki.

A ranar 11 ga Janairu 1964 babban likitan gwamnatin Amurka, Luther Terry, ya fitar da rahoton da ya tabbatar cewa sigari na haddasa ciwon dajin huhu. Masu ilmi da masu hali cikin Turawa suka fara janyewa, kamfanoni kuwa suka nemi sabuwar kasuwa a unguwannin baƙaƙen fata na manyan birane. Da aka hana tallan sigari a rediyo da talabijin a farkon 1971, kuɗin ya koma kan manyan allunan titi da shafukan mujallun Ebony da Jet. Aka riƙa aika motoci unguwa-unguwa suna kiɗa suna raba sigari kyauta. Kamfanin da ke yin Kool ya ɗauki nauyin bukukuwan kiɗan jaz da sunan sigarinsa tun daga tsakiyar shekarun 1970. Hotunan tallan ba na matalauta ba ne. Samari da 'yan mata ne masu kyan sutura da alamar ilmi, watau irin mutumin da ɗalibin Howard ko Spelman ke fatan zama.

Sakamakon yana rubuce a littattafan asibiti. Taba na kashe Amurkawa wajen 480,000 a kowace shekara, kimanin 45,000 daga cikinsu baƙaƙen fata ne. Abin da ya daɗe yana ɗaure wa masu bincike kai shi ne, baƙaƙen fata sukan fara shan taba a makare idan aka gwada su da Turawa, kuma karan da suke sha a rana bai kai na Turawa ba, amma duk da haka sun fi mutuwa da cututtukan da take jawowa, irin su ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki da ciwon daji. Sun fi yawan ƙoƙarin dainawa, sun fi ƙarancin yin nasara. Mantol na da hannu a ciki, haka ma rashin samun likita da wuri da kuma rashin inshorar lafiya.

Wannan batu na farawa a makare shi ne ya sa harabar jami'a ta zama fagen daga. Rahoton babban likitan gwamnati na 2012 ya nuna cewa kusan tara cikin goma na masu shan taba sun fara ne kafin su wuce shekara 18, kashi 99 cikin ɗari kuma kafin su wuce 26. Wanda ya kai shekara 26 bai kunna ba, da wuya ya kunna. Tun da matasan baƙaƙen fata da yawa sukan fita makarantar sakandare ba su fara ba, shekaru huɗu na jami'a, lokacin da yaro ya bar idon iyaye ya kuma shiga damuwar jarrabawa da bashin karatu, su ne suka fi hatsari gare su. Kamfanonin ma sun san da haka, domin tun da yarjejeniyar 1998 ta hana su fuskantar yara da talla, 'yan shekara 18 zuwa 24 suka zama mafi ƙanƙantar waɗanda doka ta bari su nema.

'Ya'yan gida

Abin lura ne cewa manyan jami'an gwamnati da suka fara karya shirun nan, 'ya'yan waɗannan makarantu ne. A ƙarshen 1989 kamfanin Reynolds ya shirya fitar da wata sabuwar sigari mai suna Uptown, wadda aka tsara musamman domin baƙaƙen fata, za a kuma fara gwada ta a Filadelfiya. Har jera karan aka yi a kife cikin kwali, saboda binciken kamfanin ya nuna wai wasu baƙaƙen fata daga ƙasa suke buɗe kwalin. Limaman coci da likitoci da ƙungiyoyin birnin suka tashi tsaye. A watan Janairu na 1990 sakataren lafiya na Amurka, Dakta Louis Sullivan, wanda ya yi karatu a Morehouse kuma shi ne shugaban farko na makarantar likitancinta, ya je Filadelfiya ya kira sunan kamfanin a bainar jama'a ya yi tir da shi. Ba a saba jin ɗan majalisar ministoci ya yi haka ba. Washegari kamfanin ya janye. A 1998 wani ɗan Morehouse ɗin kuma, Dakta David Satcher, wanda ya taɓa shugabantar Meharry, ya fitar da rahoton farko na ofishin babban likitan gwamnati da ya keɓanta ga shan taba a tsakanin baƙaƙen fata da sauran ƙananan al'ummomi.

A watan Nuwamba na wannan shekara ta 1998 ne jihohi 46 suka yi sulhu da manyan kamfanonin taba, inda kamfanonin suka amince su biya dala miliyan dubu 206 cikin shekara 25. Daga cikin kuɗin aka kafa wata gidauniya ta yaƙi da shan taba tsakanin matasa, wadda tun 2015 ake kira Truth Initiative. Ita ce a 2015 ta ƙaddamar da shiri na musamman domin jami'o'in baƙaƙen fata, ta kuma ɗora Dakta Regina Benjamin a gaba.

Dakta Benjamin ta yi digirinta na farko a Jami'ar Xavier ta New Orleans, ita ma makarantar baƙaƙen fata ce, ta yi shekaru tana duba masunta a wani ƙaramin gari na gaɓar tekun Alabama, sa'an nan ta riƙe muƙamin babbar likitar gwamnati daga 2009 zuwa 2013. A ƙarƙashinta aka fitar da rahoton nan na 2012. Ranar da Shugaba Obama ya gabatar da ita, ta faɗa wa jama'a cewa ciwon dajin huhu ne ya kashe mahaifiyarta, wadda ta fara shan taba tun tana yarinya. Shugabannin jami'o'in ba za su iya ce mata baƙuwa ce da ta zo koya musu tarbiyya ba, kuma wannan ya yi amfani ƙwarai, domin al'ummar da ta sha wuya a hannun hukumomin lafiya, wadda ba ta manta da gwajin ciwon tunjere da aka yi a kan maza baƙaƙen fata a yankin Tuskegee daga 1932 zuwa 1972 ba, tana da dalilin yin ɗari-ɗari da duk wanda ya zo da takarda daga Washinton.

Tsarin shirin ba shi da wuyar bayani. Makaranta kan sami tallafin 'yan dubban daloli da masu ba da shawara. Sai ta kafa kwamiti wanda ya haɗa ɗalibai da malamai da ma'aikata da jami'an tsaro, a yi ƙididdigar masu shan taba da irin abin da suke sha, a ji ra'ayin jama'a, a rubuta doka, a sa ranar da za ta fara aiki, galibi bayan watanni da yawa na faɗakarwa. Akwai bambanci tsakanin hana hayaƙi da hana taba. Na farko ya tsaya kan abin da ake kunnawa. Na biyu ya haɗa da tabar ci da ta shaƙa, kuma yawancin dokokin baya-bayan nan sun sa shisha da sigarin lantarki a ciki. Dokar kan shafi ko'ina, daga ɗakunan kwana zuwa filin wasa da wurin ajiye motoci, ta kuma hau kan kowa, har baƙo da ɗan kwangila. Cikakkiyar doka kan hana sayar da taba da tallanta a harabar, ta kuma hana karɓar ɗaukar nauyin biki daga kamfanin taba.

Wani zai ce ai keɓe wa mashaya wuri guda ya fi adalci. An gwada haka shekaru da yawa. Rumfar da aka keɓe kan zama dandalin hira, inda sabon ɗalibi mai neman abokai ke zuwa ya zauna, a miƙa masa kara. Hayaƙi kuwa bai san iyaka ba. Hujjar da masu goyon bayan hani na gaba ɗaya suka fi kawowa ita ce binciken da aka yi a jihar Indiyana. Jami'ar Indiana ta hana shan taba a harabarta a farkon 2008, maƙwabciyarta Purdue ba ta hana ba a lokacin. Tsakanin 2007 da 2009 masu shan sigari a ta farko suka ragu daga kashi 16.5 zuwa 12.8 cikin ɗari, a ta biyu kuwa suka ɗan ƙaru daga 9.5 zuwa 10.1. A ƙasar baki ɗaya, harabobin da suka hana hayaƙi sun tashi daga 446 a 2010 zuwa fiye da 2,000 a 2017.

Ba duka makarantun ne suka jira gidauniya ba. Jami'ar Oakwood ta Alabama, wadda cocin Adventist ya kafa, ta hana taba tun fil azal saboda addini. Wasu kuma dokar jiha ce ta ɗauke musu nauyin. Arkansas ta hana shan taba a jami'o'in gwamnati daga 2010, wanda ya shafi ta Pine Bluff. Luwiziyana ta bi sawu a 2014, Jojiya kuma ta hana taba kowace iri a jami'o'inta na gwamnati daga 1 ga Oktoba 2014, har da Albany State da Fort Valley State da Savannah State. A Karolina ta Arewa, jihar da ta fi kowace noman taba, abin ya zo a juye. Dokar da majalisar jihar ta yi a 2007 ta ba jami'o'in gwamnati ikon hana shan taba a cikin gine-gine da kuma tazarar ƙafa 100 daga jikinsu kawai. Ke nan makarantu masu zaman kansu a jihar sun sami 'yancin da 'yan uwansu na gwamnati a Durham da Greensboro da Winston-Salem ba su samu ba.

Inda gizo ke saƙa

Rubuta doka ba shi ne mai wuya ba. Tambaya ta farko da ɗalibai kan yi ita ce wa zai aiwatar da ita. A watan Yuli na 2014 wani baƙar fata mai suna Eric Garner ya mutu a birnin Niyok bayan ɗan sanda ya shaƙe shi, laifin da ake zarginsa da shi kuwa sayar da sigari kara-kara ne ba tare da haraji ba. Ɗalibin da ya ga wannan hoto ba zai yi marhabin da wata sabuwar hujja da za ta ba mai kaki damar tsayar da shi ba. Saboda haka makarantu da dama suka kauce wa tara da kamu, suka dogara ga ɗalibai 'yan sa-kai waɗanda ke zagayawa suna tunatarwa cikin ladabi, suna miƙa katin da ke nuna inda ake samun taimako. Wannan hanya ta fi mutunci, amma tana da rauni. Idan ɗaliban da suka fara aikin suka gama karatu, tallafi ya ƙare, allo ya koɗe, doka kan koma rubutu kawai.

Sai kuma batun ma'aikata. A harabobi da yawa ba ɗalibai ne suka fi shan sigari ba, masu shara ne da masu dafa abinci da masu gadi, mutanen da suka yi shekara ashirin ko talatin suna sha, hutunsu kuma minti goma sha biyar ne. Farfesa na iya shiga motarsa ya fita ya dawo. Mai shara ba ya iyawa. Dokar da ba ta zo da taimakon dainawa ba, watau mai ba da shawara da filastar nikotin da cingam ɗinsa kyauta ko da rahusa, horo ce kawai a kan mafi ƙarancin albashi. Nan ne talaucin makarantun kan fito fili, domin dukiyar ajiyar Jami'ar Harvard ita kaɗai ta ninka ta dukkan jami'o'in baƙaƙen fata a haɗe sau da yawa, kuma ƙaramar kwaleji mai ma'aikaciyar jinya ɗaya ba ta da halin buɗe sashen taimakon masu son dainawa. Makarantun da ke tsakiyar birni suna da ƙarin damuwa. Ɗalibar da aka hana ta kunnawa a bakin ɗakin kwana za ta fita bayan ƙofa da tsakar dare, maƙwabta kuma su wayi gari da guntayen sigari a ƙofar gidajensu.

Ita ma tabar ta canza kama. Masu shan sigari a tsakanin manyan Amurka sun ragu daga kimanin kashi 42 cikin ɗari a 1965 zuwa ƙasa da kashi 12 a 2022, kuma ɗalibi baƙar fata na iya rantsewa ba ya shan taba alhali yana shan ƙananan sigar masu ɗanɗanon inabi ko zuma irin su Black & Mild da Swisher Sweets, waɗanda ake sayarwa ɗaya ɗaya ko biyu biyu da araha. Wasu kan farke su su cusa wiwi a ciki, su ɗauka sun rabu da taba, ba su san ɓawon da suka naɗe da shi ganyen taba ba ne. Kwamitin da ya tambayi ɗalibai batun sigari kaɗai zai sami amsa mai daɗin ji wadda ba gaskiya ba ce.

Tsohon ladan kuturu ma bai ƙare ba. A 2019 Kwalejin Likitanci ta Meharry, wadda tun 1876 take horar da likitoci baƙaƙen fata, ta karɓi dala miliyan 7.5 daga kamfanin Juul mai yin sigarin lantarki domin kafa cibiyar bincike. Watanni kaɗan kafin nan kamfanin Altria, mai sigarin Marlboro a Amurka, ya sayi kashi 35 cikin ɗari na Juul. Masu fafutukar yaƙi da taba cikin baƙaƙen fata suka yi ca. Shugaban kwalejin ya kare kansa da cewa an ba su cikakken 'yancin bincike da wallafawa, kuma makarantu irin tasu an daɗe ana mai da su saniyar ware wajen rabon kuɗin bincike. Maganarsa ta biyu gaskiya ce. Amma idan aka ajiye miliyan bakwai da rabi a gefe guda, 'yan dubban daloli na gidauniya a ɗaya gefen, ba sai an yi dogon lissafi ba a ga wanda ya fi nauyi a teburin shugaban makaranta. A 2022 kaɗai kamfanonin sigari sun kashe kimanin dala miliyan dubu 8 wajen tallata kayansu a Amurka, mafi yawa ta hanyar rage farashi a kantuna.

Iyakar ikon jami'a ita ce ƙofarta, abin da ke bayan ƙofa kuwa na gwamnati ne. Dokar da Shugaba Obama ya sa wa hannu a watan Yuni na 2009 ta hana sigari mai ɗanɗanon 'ya'yan itace da alewa da kanumfari, amma ta ƙyale mantol, watau ɗanɗanon da ya fi kowane kasuwa. Kanada ta hana shi a 2017, Tarayyar Turai da Birtaniya a watan Mayu na 2020. A cikin Amurka jihar Massachusetts ta hana a 2020, Kalifoniya a 2022. Ƙungiyar NAACP, mafi tsufa cikin ƙungiyoyin kare haƙƙin baƙaƙen fata, ta goyi bayan hani tun 2016, amma wasu fitattun shugabanni, ciki har da Al Sharpton wanda ƙungiyarsa ta karɓi gudummawa daga Reynolds, suka yi gargaɗin cewa hanin zai haifar da kasuwar bayan fage da ƙarin arangama da 'yan sanda, ko da yake daftarin dokar kamfanoni da kantuna ya shafa, bai shafi mai sha ba.

A watan Afrilu na 2022 hukumar abinci da magunguna ta gabatar da daftarin hana sigari mai mantol da sigar masu ɗanɗano a ƙasar baki ɗaya. A watan Afrilu na 2024, ana saura watanni a yi zaɓe, gwamnatin Biden ta ɗage yanke hukunci ba tare da sa rana ba. A watan Janairu na 2025 sabuwar gwamnatin Trump ta janye daftarin. A jihohin kudu, inda mafi yawan jami'o'in baƙaƙen fata suke, harajin sigari na cikin mafi ƙanƙanta a ƙasar, kuma ɗalibin da ya cika shekara 21, wadda ita ce ƙa'idar saye tun Disamba 2019, yana iya tsallaka titi daga harabar da aka hana taba ya sayi kwalin Newport a kantin gidan mai.